Yadda Za Ka Riƙe Rufin Kanka Idan Jari Ya Karye, Kuɗin Haya Ya Taru

A ƙarshen 2023 jarina ya karye. Atamfa da shadda nake sayarwa a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ke Kaduna, ina ɗauko kaya bashi daga Kantin Kwari a Kano, in sayar in biya. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun shekarar, naira kuma ta faɗi, sai ya zamana abin da na sayar jiya ba ya iya sayo rabinsa yau. Kafin in farga bashi ya yi mini katutu, ga kuɗin hayar gidan da nake zaune da iyalina a Unguwar Sanusi ya zo ya wuce da wata shida. Abin da na fara yi shi ne ɓuya. Na canza masallacin da nake sallar asuba don kada mu haɗu da mai gidan, in na ga kiransa in kife wayar. Wannan ɓuyar ta fi bashin kansa yi mini illa, domin ita ta mai da dattijon da ke ganin mutuncina ya koma mai neman lauya.

Na rubuta wannan ne don wanda ke cikin irin halin yanzu, a Rigasa yake ko Kawo ko Kakuri, namiji ko macen da ke riƙe da gida ita kaɗai.

Fara da biro da takarda

Zauna da daddare bayan yara sun yi barci, ka rubuta duk wanda ke bin ka: sunansa, nawa ne, yaushe ka ce za ka biya, akwai rubutu ko babu, akwai jingina ko babu. Kada ka rage ko sisi don zuciyarka ta samu sauƙi. A ɗaya shafin ka rubuta abin da ke shigo maka da gaske a wata, ba abin da kake fata ba.

Za ka ga wani abu da na gani a kaina. Mai bashin da ya fi ɗaga murya shi ake fara biya. Manhajojin bashi na waya za su kira ka sau ashirin a yini, su tura wa surukanka saƙo, sai ka kwashi ɗan abin da ka samu ka ba su don ka huta da tozarci, mai gida kuwa da ya yi shiru ka bar shi a baya. Juya lissafin. Abinci da magani ne na farko, sai hayar da kake ci yanzu, sannan sauran. Mai manhaja yana iya ɓata maka suna na mako biyu, amma ba shi da hanyar fitar da katifar 'ya'yanka waje. In sun wuce gona da iri wajen kiran mutanenka da zagi, akwai hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu hulɗa da kamfanoni, tun 2022 take sa ido a kan masu ba da bashi ta waya, kuma tana karɓar ƙorafi.

Sannan ka raba bashin hayar gida biyu a ranka da kuma a takarda: tsohon da ya taru, da sabon da ke gudana kowane wata. Duk maganar da za ka yi da mai gida, da ma alƙali in ta kai can, a kan wannan rabon za ta tsaya. Wanda ya tsayar da zubar jini ana iya jinyarsa a hankali. Wanda bashinsa ke ƙaruwa kullum kuwa, babu mai gidan da zai jira shi.

Nemo takardunka

Takardar yarjejeniyar haya in akwai, duk rasit, duk alat na kuɗin da ka tura, saƙonnin WhatsApp tsakaninka da mai gida ko ejan. Ɗauki hotonsu ka tura wa wani ɗan'uwa ya ajiye, saboda waya na ɓata. Ka karanta yarjejeniyar da kyau, musamman inda aka faɗi tsawon notis da abin da zai faru in ba a biya ba, domin abin da kuka sa wa hannu shi kotu ke fara dubawa. Da yawa a Tudun Wada da Rigasa babu wata takarda, baki da baki aka yi a gaban ejan. Wannan bai hana ka zama ɗan haya a idon doka ba. Yadda kake biya, wata-wata ko shekara-shekara, shi ke nuna irin hayarka.

Ka je wa mai gida kafin ya zo maka

Nan ne ƙashin bayan al'amarin, don haka zan ɗan daɗe a kai.

Kada ka aika yaro, kada ka tura saƙo, kada kuma ka bari ejan ya zama shi kaɗai ne gada tsakaninku, domin shi ejan kasonsa yana cikin sabon ɗan haya ne, fitarka riba ce a wurinsa. Ka je da ƙafarka, tare da mutum ɗaya da mai gidan ke jin nauyinsa: limamin masallacin layi, mai unguwa, ko wani dattijo cikin danginka. In matar aure ce ko bazawara, ta tafi da wa ko kawu. Kuma kada ka je hannu rabbana. Ko kuɗin wata ɗaya ne, ka riƙe shi a aljihu.

Ni limaminmu ne ya raka ni bayan la'asar. Muka samu mai gidan a zaure yana sauraron rediyo, ya rage murya bai kashe ba, alamar bai huce ba. Na durƙusa na gaishe shi na ce, "Baba Alhaji, na yi maka laifi biyu, ban biya ba kuma na guje ka. Na biyun ya fi muni. Kasuwa ce ta karye mini, ga takardar duk abin da ake bi na, ban ɓoye maka komai ba." Ya karɓi takardar ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Kai yaro, da ka zo tun wata na farko ai da ba mu kai nan ba. Ni ma da kuɗin gidan nan nake sayen maganin hawan jini." Wannan maganar ta tsaya mini a rai. Galibin masu gidajen haya a Kaduna ba attajirai ba ne. Akwai 'yan fansho, akwai tsofaffin ma'aikatan masaƙun Kakuri da suka gina ɗakuna kafin masaƙun su durƙushe, akwai marayun da aka bar wa gidajen gado. In ka shiga kana ganin kai kaɗai ne mai matsala, ba za ka ji abin da zai iya ɗauka ba.

Abin da za ka gabatar ya zama lissafi ne, ba roƙo kawai ba. A ce hayarka naira 360,000 ce a shekara, kuma an biyo ka rabin shekara, wato 180,000. Ka nemi a mai da biyan ya koma wata-wata, 30,000, ka ɗora 10,000 a kai don rage tsohon bashi. Cikin wata 18 ka fita. In 10,000 ɗin ta fi ƙarfinka, ka ce 5,000. Alkawari ƙarami da ake cikawa ranar 5 ga kowane wata ya fi babban da za a saɓa a wata na biyu, domin saɓawar farko ke rushe duk yardar da limami ya gina maka. In gidan yana da ɗakin da za ka iya saki, ka miƙa shi a rage maka haya. In kana da sana'ar hannu, fenti ko aikin famfo ko wayarin, ka nemi a kimanta gyaran da gidan ke buƙata a cire daga bashi, amma a yi kimar kafin aiki, ba bayansa ba.

Duk abin da aka amince a rubuta, ko da a takardar littafin makaranta ce: jimillar bashi, nawa za a riƙa biya, wace rana, ta wane asusu, da cewa muddin kana cikawa ba za a ba ka notis ba. Ku sa hannu, shaidu biyu su sa, kowa ya riƙe kwafi. In mai gida ya ce ai tsakaninmu ba sai an rubuta ba, ka tuna masa cikin ladabi cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Mai gida na iya rasuwa, magada kuma ba su san alkawarin zaure ba. Ayar 280 ta wannan sura ta ce a yi wa wanda ke cikin ƙunci jinkiri har ya samu sauƙi, amma bar wa limami ya faɗe ta. Daga bakin mai bashi ba ta da daɗin ji, kuma hadisi ya tabbata cewa jan ƙafar mai hali wajen biyan bashi zalunci ne, don haka ranar da ka samu, ka biya.

Abu ɗaya da ba za ka taɓa yi ba: kada ka ba da cek alhali ka san babu kuɗi a asusun. Bashin haya magana ce ta tsakanin mutum biyu, amma cek da ya dawo laifi ne a ƙarƙashin dokar 1977, hukuncinsa ɗaurin shekara biyu. Kowane biya kuma ka yi shi ta turansifa ka rubuta watan da ka biya, ko ka karɓi rasit nan take.

Inda za a samo kuɗin

Ba daga wata sabuwar manhaja ba. Cin bashi mai ruwa don biyan haya tamkar haƙa rami ne don cike wani.

Wanda ya yi aikin albashi aka sallame shi, in bai kai shekara 50 ba kuma ya yi wata huɗu bai samu wani aikin ba, dokar fansho ta 2014 ta ba shi damar cire kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusunsa na fansho. Mutane da yawa ba su san da wannan ba. Ka je ofishin kamfanin fanshonka da takardar sallama. Wanda bashi ya danne kuma yana cikin mutum takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta halatta wa zakka, don haka faɗa wa ɗan'uwa mai hali halin da kake ciki kafin ya fitar da zakkarsa ba bara ba ne. In kana cikin adashi, ka nemi a sauya maka kwasa da wani. Sayar da abin da ba ya kawo kuɗi, ka bar abin da kake neman abinci da shi: talabijin ta tafi, keken ɗinki ko mashin ya zauna. Kayan ɗakin matarka da gwal ɗinta nata ne, sai da yardarta, kuma in ta bayar ka rubuta shi a matsayin bashi.

Ka kula da inda kake ajiye kuɗin hayar. Tun 2020 Babban Bankin Najeriya ya fito da tsarin GSI, wanda ya ba bankin da ke bin ka bashin da ya wuce lokaci damar cire kuɗi daga asusunka na wasu bankuna ta hanyar BVN, in ka sa hannu a kan hakan lokacin karɓar rance. Kana iya tara kuɗin haya ka wayi gari an share. Da kuɗin sun shigo hannunka, ka miƙa wa mai gida a ranar.

Maganar ayyana karayar arziki a kotu

Wasu na jin yadda ake yi a Amurka da Ingila, mutum ya je kotu a ayyana shi ya tsiyace a yafe masa basussuka, sai su ɗauka nan ma haka ne. Najeriya tana da dokar, tun 1979, kuma tsarin mulki ya ba Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai hurumin sauraron irin wannan ƙara, tana kuma da reshe a Kaduna. Sai dai ɗaiɗaikun mutane ba su cika bin wannan hanya ba, kuma da dalili. Tana cin kuɗin lauya da lokaci. Dukiyarka za ta koma hannun wanda kotu ta naɗa ya sayar ya raba wa masu bin ka. Muddin ba a wanke ka ba, ba za ka tsaya takarar gwamna ko majalisa ba, ba za ka zama daraktan kamfani ba. Abin da ya fi shafar maganarmu shi ne, ko an ayyana ka, gidan na mai shi ne. Tsohon bashin haya zai shiga layi da sauran basussuka, amma hayar watannin da kake ci gaba da zama tana kanka, kuma babu dokar da ta ce a bar ka ka zauna kyauta.

A fiƙihun Malikiyya ma akwai babin, ana ce wa mutumin muflisi: alƙali ya hana shi taɓa dukiyarsa, a raba ta ga masu bashi gwargwadon abin da kowa ke bi, a bar masa sutura da abin ciyar da iyali na ɗan lokaci. Ko ta wace hanya, ɓoye kadara ko mai da ita sunan ƙani don a gudu da ita na iya jefa ka cikin abin da ya fi bashi. Ga mai ƙaramin shago irina, tara masu bashi a gaban shugabannin kasuwa a raba abin da ya saura ya fi sauri kuma ya fi rufin asiri. In basussukan manya ne, na banki da kamfanoni, ka ga lauya kafin ka sa hannu a kan komai.

Idan notis ya iso

Karɓa. Ƙin karɓa ba ya hana komai, liƙa shi za a yi a ƙofa maƙwabta su karanta. Rubuta ranar da ya zo a bayansa.

Ƙa'idar da aka saba bi a Najeriya, in yarjejeniyarku ba ta faɗi wani abu daban ba, ita ce mai biya mako-mako a ba shi mako guda, mai biya wata-wata wata guda, mai biya shekara-shekara wata shida. Bayan wa'adin ya cika sai a ba da notis na biyu na kwana bakwai, wanda ke sanar da kai cewa mai gida zai tafi kotu. Amma kada ka jingina da wata shidan nan. Wanda hayarsa ta ƙare bai sabunta ba yana iya rasa wannan dogon wa'adi, kuma a 2021 Kotun Ƙoli ta nuna rashin jin daɗinta da 'yan hayar da ke fakewa da kuskuren notis suna zaune shekara da shekaru. Kuskure a takarda na iya ba ka ɗan lokaci, ba ya goge bashi. Kowace rana da ka ƙara bayan ƙarewar haya ma ana lissafa maka kuɗinta.

Ɗaya gefen kuma, kotu ce kaɗai ke da ikon fitar da kai. Mai gida ba shi da hurumin cire kwanon rufi, ɓalle ƙofa, sa kwaɗo, yanke ruwa da wuta, ko turo matasa su watso kaya. In hakan ta faru, kada ka ɗaga hannu a kan kowa, domin mari ɗaya ya isa ya mai da kai mai laifi. Ɗauki hoto da bidiyo, kira mai unguwa da maƙwabta biyu su gani da idonsu, sannan ka kai rahoto. Haka nan ɗan sanda ba mai karɓar bashi ba ne. Sashe na 32 na dokar 'yan sanda ta 2020 ya hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai. In aka gayyace ka ofis, ka je da wani da takardunka, kada ka sa hannu a kan alkawarin biyan abin da ba ka da shi don kawai a sake ka.

Idan sammaci ya zo

Yana iya fitowa daga kotun majistare ko kotun shari'a irin ta Magajin Gari. Ka je, ka je da wuri. Wanda bai halarta ba ana iya yanke hukunci a bayansa, ya ji labari ranar da ma'aikatan kotu suka tsaya a ƙofarsa. In ba ka da kuɗin lauya, hukumar Legal Aid Council na da ofis a Kaduna don marasa ƙarfi, ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA kuma na taimaka wa mata.

A gaban alƙali kada ka musa abin da ka san gaskiya ne. Ka ce ana bi na, ga adadin da na yarda da shi, ga rasit na abin da na biya, ga abin da nake samu a wata. Sannan ka roƙi abu uku: a ba ku dama ku je ku yi sulhu ku dawo da shi a rubuce kotu ta tabbatar, a raba maka bashin kashi-kashi, a kuma ba ka wa'adin tashi da zai kai ƙarshen zangon karatun yara. Alƙali yana da ikon raba biyan bashi, kuma rasit uku a jere na watannin baya-bayan nan sun fi kowace rantsuwa tasiri a wurinsa. Shi ya sa na ce kada ka daina biyan sabuwar haya ko ana cikin shari'a. In mai gida ya ƙi karɓa, ka ajiye shaidar ka kai an ƙi, ka sanar da kotu.

Lokacin da tashi ya fi zama

Akwai lissafin da ba ya fita, komai kyawun niyya. In hayar wata ta cinye rabin abin da kake samu, zamanka a gidan ƙara wa kanka bashi ne kawai. Ni bayan wata huɗu ina cika alkawari na ga ba zan ɗore ba, na koma na faɗa wa Baba Alhaji da bakina. Muka yi sabuwar takarda: zan tashi ƙarshen wata, ragowar tsohon bashi zan ci gaba da turo 10,000 duk wata daga inda na koma. Ya yafe mini wata ɗaya ba tare da na roƙa ba.

Ka fara neman wuri tun ranar notis na farko. Gefen gari, irin su Rigachikun da Mararrabar Jos da can cikin Rigasa, haya ta fi sauƙi, amma ka haɗa da kuɗin mota zuwa wurin nemanka kafin ka yanke shawara, don kada abin da ka rage a haya ya ƙare a Keke Napep. In ta kama iyali su ɗan zauna a gidan iyaye wata biyu ko uku, ka faɗa musu ranar da za su dawo, ka kuma yi magana da surukanka da kanka.

Kada ka tashi da dare. Ranar fita ka share gidan, ka kira mai gida ko wakilinsa ku zagaya ɗaki-ɗaki, ka ɗauki hoton mita da takardar kuɗin wuta ta ƙarshe don kada a ɗora maka wutar wanda zai shigo bayanka. In ka ba da kuɗin ajiya na gyara lokacin shiga, a cire shi daga bashin a rubuce. Sannan ka miƙa makullai hannu da hannu a gaban shaida, a rubuta rana da sa'a, domin daga wannan ranar lissafin haya ke tsayawa a kanka.